Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumomin Jarrabawa da Masu Zaɓen Ɗalibai: A Cikin Makin Yaro Akwai Abin da Bai Zaɓa Ba

Ranku ya daɗe shugabannin hukumomin shirya jarrabawa, da kwamitocin ɗaukar ɗalibai, da masu raba tallafin karatu, da ma'aikatun ilimin da ke kula da ku duka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka haɗu muka rubuta wannan wasiƙa malaman makaranta ne, da ma'aikatan lafiyar yara, da masu aikin ƙididdigar sakamakon jarrabawa. Magana ɗaya ce ta kawo mu gabanku. Makin da kuke dubawa ku ce wannan ya shiga, wancan ya koma gida, yana ɗauke da ƙoƙarin yaro, wannan ba mu musa ba. Amma yana ɗauke kuma da watan da aka haife shi, da abin da mahaifiyarsa ta samu ta ci lokacin da take da cikinsa, da lafiyar idonsa, da zafin ɗakin da ya zauna ranar jarrabawa, da irin makarantar da ta fi kusa da gidansu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a shawarce shi ba. Da yawansu kuwa ana iya auna su, wasu ana iya rage cutarwarsu, kuma alƙalamin yin hakan yana hannunku.

Akwai manyan abubuwan da suka fi ƙarfinku, kuma ba za mu ɗora muku su ba. Masanin tattalin arziki Branko Milanovic ya nuna cewa fiye da rabin bambancin kuɗin shiga tsakanin mutanen duniya ana iya gano shi daga ƙasar da mutum yake kawai, tun kafin a tambayi me ya karanta ko wace sana'a yake yi. Babu hukumar jarrabawar da za ta gyara wannan. Abin da ke gabanmu shi ne wanda ke faruwa a cikin rajistarku da zaurukanku.

Mu fara da ranar haihuwa, domin ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma gyaranta ya fi sauƙi. Kowane tsarin makaranta yana da ranar da ya shata: wanda ya cika shekarun shiga kafin ranar ya shiga bana, wanda ya cika bayanta ya jira baɗi. A Ingila shekarar makaranta tana kamawa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Ku ɗauki yara biyu a benci ɗaya. An haifi ta farko 2 ga Satumba, na biyu kuma 30 ga Agustan shekarar da ta biyo baya. Sunan ajinsu ɗaya, malaminsu ɗaya, amma tsakaninsu akwai kusan wata 12. Ga ɗan shekara biyar, wata 12 kashi ɗaya cikin biyar ne na duk rayuwarsa. Yarinyar ta riga ta iya riƙe fensir da yatsu uku, tana iya zama minti 20 ba ta tashi ba. Yaron har yanzu damƙe fensirin yake da dukan tafin hannu, harafinsa na hawa kan layi yana sauka, bayan minti biyar hankalinsa ya koma taga. Malami ya duba ya rubuta a rahoto cewa ita mai hazaƙa ce, shi kuma ba ya mai da hankali. Daga nan ita ake tasa wa ta karanta a gaban aji, ita ake sa wa a rukunin gaba, ita ake ba littafi mai wuya. Shi kuwa ya fara jin cewa karatu ba nasa ba ne. Tazarar girman jiki za ta shuɗe da kanta, amma sunan da aka laƙaba masa da rukunin da aka jefa shi suna iya binsa shekaru.

An daɗe da ganin wannan a ƙididdiga. A 1985 Roger Barnsley da abokan aikinsa suka duba ranakun haihuwar 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara a Kanada, inda ake shata layi a 1 ga Janairu, suka tarar waɗanda aka haifa a watanni uku na farkon shekara sun fi na ukun ƙarshe yawa nesa ba kusa ba. A Ingila, 'yan Agusta suna bayan 'yan Satumba a jarrabawar firamare, kuma duk da tazarar tana raguwa, ba ta gama ɓacewa ba har a jarrabawar 'yan shekara 16. Wani binciken da aka wallafa a Amurka a 2018 ya fi tayar mana da hankali: a jihohin da ke shata layi a 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta sun fi 'yan Satumba yiwuwar a ce suna da larurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, da fiye da kashi 30 cikin 100. A jihohin da ba su amfani da wannan rana ba a ga irin wannan tazara tsakanin watannin biyu ba. Wato ana ɗaukar ƙuruciya a matsayin cuta, har a kai ga ba yaro magani.

Matsar da ranar ba ya magance komai, sai dai ya sauya wanda zai zama ƙaramin aji. Abin da ke aiki shi ne daidaita maki da shekaru, kamar yadda ake yi a jarrabawar shiga wasu makarantun sakandare a Ingila da yara ke zaunawa wajen shekara 11. Ga yadda ake yi. A rubuta shekarun kowane ɗalibi da watanni, daidai ranar jarrabawa. A kasa ɗalibai gida 12 bisa watan haihuwa, a fitar da matsakaicin makin kowane gida. Kada a yi amfani da waɗannan matsakaita kai tsaye, domin wata ɗaya yana iya tsalle saboda dace kawai. A ja layin da ya fi dacewa da su gaba ɗaya, shi zai nuna maki nawa kowane wata na shekaru yake ƙarawa. Sai a auna kowane yaro da sa'o'insa na wata ɗaya, a mayar da sakamakon kan ma'aunin da tsakiyarsa 100. Ba a ƙara wa kowa amsar da bai rubuta ba. Tambayar ce kawai ta sauya: a cikin waɗanda suka kai shekarunsa daidai, ina ya tsaya?

Wurare uku ne wannan aiki yake ɓaci. Na farko, idan ɗaliban ba su da yawa, layin zai riƙa rawa daga shekara zuwa shekara, don haka a haɗa bayanan shekara uku ko fiye kafin a tsayar da shi. Na biyu, inda rajistar haihuwa ba ta da ƙarfi, za ku ga tulin yara an rubuta musu 1 ga Janairu, domin ranar da ma'aikaci ke cikewa ke nan idan iyaye ba su san ainihin ranar ba. Idan aka bar su a cikin lissafin, za su karkatar da shi duka. A cire su lokacin jan layin, su kuma a ba su makin tsakiyar shekara, ba ƙari ba ragi. Na uku shi ya fi haɗari. Akwai yaran da suka girmi ajinsu da shekara biyu ko uku saboda sun makara shiga makaranta, ko rashin lafiya ta tsayar da su, ko gudun hijira. Waɗannan girmansu alamar wahala ce. Idan aka bar lissafin ya miƙe har kansu, zai zabtare makin wanda ya fi kowa buƙatar rangwame. A tsayar da daidaitawar a cikin wata 12 na ainihin 'yan ajin, duk wanda ya wuce nan kada a rage masa ko maki ɗaya.

Kafin ranar haihuwa ma akwai wata tara da yaro bai san da su ba. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an datse hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, har rabon da ake ba baligi a rana ya faɗi ƙasa da kalori 1,000. Da yake asibitoci sun ajiye bayanan haihuwa da kyau, an bi sawun jariran da aka yi cikinsu a watannin nan har girmansu. Waɗanda yunwar ta riska a farkon ciki sun fi sa'o'insu fama da ciwon zuciya da ƙiba, an kuma sami ƙarin masu taɓin hankali a cikinsu. Yunwar 'yan watanni ce, amma ta bi mutane shekara 50. Masanin tattalin arziki Douglas Almond ya ga makamancin haka a ƙidayar jama'ar Amurka: waɗanda suke cikin mahaifa lokacin annobar mura ta 1918 sun tashi da ƙarancin shekarun karatu da ƙarancin kuɗin shiga idan aka kwatanta su da waɗanda aka haifa jim kaɗan kafinsu ko bayansu.

Wannan ba tarihi ba ne kawai. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna yara miliyan 148 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu ya gaza ƙwarai bisa shekarunsu saboda daɗewar ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan cuta. Rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, yana da gubar dalma a jininsa da ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita ko ta haura, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalmar da za a kira mara lahani. Dalma ba ta sa zazzaɓi, ba ta fito da ƙuraje. Hankalin yaro take ci a ɓoye, sai a aji a ce ba ya ganewa. Haka ƙarancin sinadarin aidin: kowa ya san maƙoƙo domin ana ganinsa a wuya, amma babbar ɓarnar a ƙwaƙwalwar ɗan tayi take, kuma a yankunan da ƙarancin ya tsananta an auna tazarar da ta haura maki 10 a gwajin basira.

Za ku ce wannan aikin ma'aikatar lafiya ne. Gaskiya ne, amma ku ne kuke karɓar sakamakon, ku ne kuma kuke buga masa hatimi da sunan cancanta. Sannan ɓarnar ba duka ce ta bushe ba. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor da tawagarta sun ɗauki yara tsumburarru 'yan wata 9 zuwa 24. Ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gida awa ɗaya a mako, tsawon shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta kira masa sunayen abubuwa, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara 20, waɗanda suka sami wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba su samu ba da kusan kashi 25 cikin 100. Awa ɗaya a mako ke nan.

Abin da muke roƙo a nan bai kai wannan ba ma. Kowane yaro, a zangonsa na farko a makaranta, a duba idonsa da kunnensa, a auna tsawonsa da nauyinsa, a rubuta a katin da zai bi shi aji-aji. Gwajin ido malami zai iya koyonsa a yini ɗaya. A liƙa allon gwaji mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori daban-daban, a inda haske ya wadata, daidai tsayin idon yaro. A auna mita 6 da igiya, a ja layi a ƙasa. Yaro ya rufe ido ɗaya da kati, kada ya danna shi da hannu, domin idon da aka danna yakan yi hazo na ɗan lokaci. Ya nuna da yatsunsa inda ƙafafun harafin suka dosa. Wanda ya kasa karanta layin da aka yi wa alamar 6/12 a allon, ko da da ido ɗaya ne, a tura shi wurin ma'aikacin ido. Kurakuran da ake yi sanannu ne: a jera yara a bayan wanda ake gwadawa har su haddace amsa, ko a auna tazarar da taku, ko a gwada ido biyu tare, mai kyau ya rufa wa mara kyau asiri. Mafi muni shi ne a yi gwajin, a cike fom, tabarau kuma bai zo ba. A wani gwaji da aka yi a makarantun karkara na yammacin Sin, wanda aka wallafa a 2014, ƙalilan ne daga cikin yaran da ke buƙatar tabarau suke da shi, kuma raba shi kyauta ya ɗaga makin lissafi. Don haka kuɗin tabarau ya shiga kasafin gwajin tun farko, kuma malamin aji ya riƙa lura ko ana sawa.

Sauran ba su da tsawo. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa, ko wanda kullum sai ya karkata kai kafin ya amsa, a dawo da shi bencin gaba a ranar, a tura shi asibiti. Inda tsutsar ciki ta kama yara 20 cikin 100 ko fiye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙwayar albendazole mai miligiram 400 sau ɗaya a shekara, inda ta haura 50 cikin 100 kuma sau biyu. A yankin Busia na Kenya wannan ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake bai ɗaga makin jarrabawa nan take ba, kada wani ya yi muku alkawarin hakan. Gishiri kuma, a sa yara su zo da ɗan tsunkule daga gida a takarda, a ɗiga masa ruwan gwaji: idan ya rine zuwa shuɗi akwai aidin, idan ya tsaya fari babu. Ɗigon yana nuna akwai ko babu ne kawai, adadin sai a ɗakin gwaje-gwaje. Fentin bangon aji da na kayan wasa kada dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma a rubuta wannan a takardar kwangila, domin ɗan kwangila ba zai tuna da kansa ba.

Sai ranar jarrabawa kanta, wadda ita kam taku ce baki ɗaya. Masanin tattalin arziki Jisung Park ya bi sakamakon jarrabawar kammala sakandare a birnin New York, ya tarar ɗalibi ɗaya yakan sami maki ƙasa a takardar da ta faɗo ranar zafi fiye da wadda ta faɗo ranar sanyi-sanyi, har wasu suka rasa shaidar kammalawa saboda haka. A Isra'ila an ga irin wannan game da gurɓatar iska: waɗanda suka zauna jarrabawar ƙarshen sakandare a ranakun da ƙura da hayaƙi suka yi yawa sun sami maki ƙasa, abin ya bi su har shiga jami'a da albashi. Ɗalibi bai zaɓi ranar ba, bai zaɓi zauren ba. Ku sa takardu masu nauyi da safe. Ku aika ma'aunin zafi kowace cibiya, mai sa ido ya rubuta abin da ya nuna a farkon takarda da ƙarshenta, tare da lokacin da aka fara na gaskiya, domin yaran da suka yi awa uku suna jiran takardun tambaya ba daidai suke da waɗanda aka fara musu a kan lokaci ba. Sannan a buɗe zama na biyu cikin 'yan makonni ga wanda rashin lafiya, ko rasuwa a gida, ko haihuwa, ko ambaliya ta hana shi, da takardar da aka daidaita wuyarta da ta farko. Jarrabawar da ake yi sau ɗaya a shekara, a yini ɗaya, tana mayar da zazzaɓin kwana uku asarar shekara guda, kuma ɗan talaka sau da yawa ba ya dawowa bayan shekarar nan.

Batun makarantar da yaro ya fito yana buƙatar taka-tsantsan, domin a nan gyara yake iya komawa cuta. Maki 60 daga makarantar da matsakaicinta 35, inda aka yi zango biyu babu malamin lissafi, ya fi nuna ƙarfin ɗalibi a kan maki 68 daga makarantar da matsakaicinta 75. Sikelin da aka ɗora wa dutse a gefe ɗaya tun kafin awo, ba a cewa ya yi adalci don an karanta lambarsa daidai. Jihar Texas ta Amurka ta kafa doka a 1997 cewa duk wanda ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa, a kowace sakandare a jihar, yana da gurbi a jami'o'in gwamnatinta. Makarantar Sciences Po ta Faransa ta buɗe wata hanyar shiga ta daban a 2001 ga ɗaliban makarantun unguwannin marasa galihu. Jami'o'i da dama a Birtaniya suna sassauta makin da suke nema ga wanda ya fito daga makaranta ko unguwa mai rauni. Kowanne da matsalarsa. A Texas wasu iyaye sun riƙa mayar da 'ya'yansu makarantar da gasa ba ta da zafi don su fito a sama, kuma babbar jami'ar jihar da ke birnin Austin ta cika har a 2009 aka ba ta izinin taƙaita guraben wannan hanya zuwa kashi 75 cikin 100. Maganin sauya makarantar shi ne a ƙidaya makarantar da ɗalibi ya yi aƙalla shekara uku na ƙarshe a cikinta. A yi amfani da matsakaicin makaranta na shekara uku zuwa biyar. Kuma wanda aka ɗauka ta wannan hanya a tanadar masa darasin cike giɓi a zangon farko, in ba haka ba an buɗe masa ƙofa ne a shekarar farko an kore shi a ta biyu.

Ga kuma gargaɗin da muke so ku riƙe da kyau. A 2020, da korona ta hana zama jarrabawa a Ingila, hukumar da ke kula da jarrabawa ta yi amfani da lissafin kwamfuta da ya jingina da tarihin kowace makaranta wajen ba da sakamako. A cikin kowane sakamako 100 da malamai suka ƙiyasta, kusan 40 aka saukar ƙasa, kuma haziƙin ɗalibi a makaranta mai raunin tarihi shi abin ya fi dokewa, saboda waɗanda suka gabace shi ba su taɓa samun irin makinsa ba. Cikin 'yan kwanaki aka janye tsarin. Bayanin makaranta iri ɗaya ne da wanda muke roƙon ku duba, amma an juya shi ta baibai. Ƙa'idar ita ce: yanayin da yaro ya fito a yi amfani da shi wajen fahimtar makin da ya samu da hannunsa, kada a taɓa amfani da shi wajen yi masa hasashen iyakarsa.

Akwai waɗanda ba ku taɓa ganin makinsu ba, domin takarda ta tsayar da su tun a bakin ƙofa. A 2019 UNICEF ta ƙiyasta cewa yara miliyan 166 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya cikin huɗu, ba a yi rajistar haihuwarsu ba. Jariri ba ya kai kansa ofishin rajista. Kada rashin takardar haihuwa ya hana kowa zama jarrabawa: a karɓi katin rigakafi ko rajistar shiga firamare, a kawo ma'aikacin rajista makaranta sau ɗaya a shekara ya kammala sauran. Fom ɗin neman tallafi ma shinge ne. A wani gwaji a jihohin Ohio da North Carolina na Amurka, iyalai masu ƙaramin ƙarfi da aka zauna aka cike musu fom ɗin tallafin karatu, 'ya'yansu sun fi shiga manyan makarantu, waɗanda aka ba bayani kawai ba tare da taimakon cikewa ba kuwa ba a ga wani canji a wurinsu ba. Sanarwa a shafin intanet ba ta isa ba. Ku ware rana a kowace makaranta da za a cike fom tare da malami, ku rage tambayoyin zuwa waɗanda da gaske kuke amfani da amsarsu, kuma yafe kuɗin rajista ya zama kai tsaye ga wanda makarantarsa ta riga ta shaida halin gidansu, ba sai ya sake rubuta takardar roƙo ba. Harshe ma haka: UNESCO ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun karatu da harshen da suke ji sosai. Tambayar lissafi mai dogon labari da baƙin kalmomi tana auna harshe ne kafin ta auna lissafi. A gwada kowace tambaya a kan rukunonin ɗalibai kafin a buga ta, wadda masu ƙarfi ɗaya a darasin suke faɗuwa saboda harshen gidansu kawai a sake rubuta ta ko a jefar.

Duk abin da muka lissafa yana tsananta ne gwargwadon yadda kuka gaggauta rarraba yara. A yawancin jihohin Jamus ana raba su zuwa makarantu daban-daban tun wajen shekara 10, lokacin da watan haihuwa da halin gida suka fi rinjaye a maki. Finland ta bi wata hanya: tsakanin 1972 da 1977 ta ɗage rarrabawar daga shekara 11 zuwa 16, kuma da yake an yi sauyin yanki bayan yanki, an sami damar kwatanta waɗanda ya shafa da waɗanda bai kai gare su ba. An tarar alaƙar kuɗin shigar uba da na ɗansa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ba za ku iya ɗage rarrabawa ba, ku bar gada tsakanin hanyoyin: jarrabawar sauya layi bayan shekara biyu, gurabe da aka ware wa masu shigowa daga makarantun sana'a, da cire iyakar shekaru a kan jarrabawar kammalawa, domin wadda aure ko jinya ko hijira ta katse wa karatu ta iya dawowa tana da shekara 25.

Mun san abin da wasunku za su ce, cewa wannan zai zubar da darajar cancanta, ya cuci yaron da ya yi ƙoƙari. Mu ma cancantar muke karewa. Daidaita shekaru da duba makaranta suna ƙara wa awonku inganci ne, suna fito muku da haziƙan da tsohon awon yake zubarwa. Kuma ba sai kun yarda da mu ba, bayananku za su raba gardama. Ku ɗauki sakamakon shekara biyar da suka wuce, ku kasa shi bisa watan haihuwa, da jinsi, da birni ko karkara, da irin makaranta, da cibiyar jarrabawa, da harshen gida inda kuke da shi. Ku ware waɗanda suka faɗi da tazarar maki biyar ko ƙasa da haka, ku ga su waye. Ku bi waɗanda kuka ɗauka da maki mafi ƙanƙanta, ku ga yadda suka kammala idan aka kwatanta da na sama. Ma'aikacin ƙididdiga biyu da kwamfuta ɗaya za su gama wannan cikin 'yan makonni. Ku cire sunaye, ku ɓoye duk rukunin da bai kai mutum 10 ba don kada a gane kowa, sannan ku wallafa teburin tare da sakamakon kowace shekara, kafin a buɗe rajistar jarrabawa ta gaba.

Wassalam, naku cikin girmamawa,

Gamayyar malaman makaranta, ma'aikatan lafiyar yara da masu ƙididdigar sakamakon jarrabawa